Jinin Habila a Ƙasar Zuru: Me Tauhidin Kirista Ya Ce Game da Yaƙi?

Wata Lahadi cikin damina, bayan an tashi daga sujada, wata tsohuwa ta tare ni a gindin dalbejiyar da ke harabar majami'armu a Zuru. Ba 'yar garin ba ce. Tana cikin waɗanda suka gudo daga ƙauyukan wajen Bena, aka rarraba su gida-gida a tsakanin 'yan ikilisiya. A haɓar zaninta akwai makulli ɗaure, na ɗakin da ita kanta ta san an ƙone shi. A ranar wani baƙon mai wa'azi ne ya hau mumbari, ya kwashe kusan awa guda yana nanata cewa abin da ke faruwa a ƙasar nan hukuncin Allah ne saboda zunubanmu. Ta riƙe hannun rigata ta ce, "Malam, kai da kake koya wa yara Littafi, gaya mini. Jikana shekararsa tara. Wane zunubi ya yi?"

Na ce, "Mama, bai yi komai ba." Iyakar abin da bakina ya iya furtawa ke nan.

Tun daga ranar nake ta komawa kan tambayar nan. Abin da na tarar shi ne, amsar da addinin Kirista ya bayar a kan asalin yaƙi ta fi wadda muka saba ji a mumbari nauyi, ta kuma fi ta ɗaci, domin mu ma ba ta ƙyale mu ba. Ba sai na tsaya ba mutumin Kebbi ta Kudu labarin abin da ya gani da idonsa ba. A farkon Yunin 2021 an kashe mutum 88 a ƙauyukan Danko-Wasagu. Ranar 17 ga watan aka kwashe ɗalibai daga kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri, wasu daga cikin 'yan matan ba su ga gida ba sai a 2023. Hukuma tana kiran abin matsalar tsaro. Macen da ta kwana a cikin dawa da goyo a baya ta san yaƙi ne.

Wasiƙar Yakubu, a farkon sura 4, ta yi tambayar ƙarara: daga ina yaƙe-yaƙe da faɗace-faɗace suke fitowa a tsakaninku? Amsar kuwa, daga sha'awace-sha'awacen da ke gwabzawa a cikin jikinku. Kuna kwaɗayin abu, kun rasa, sai ku yi kisa. Yesu ma a Markus sura 7 ya lissafa kisankai da sata da kwaɗayi cikin abubuwan da ke fitowa daga zuciyar mutum. A kan wannan aka gina koyarwar gaba ɗaya. Abin lura, Yakubu masu bi ya rubuta wa, mutanen da ke zuwa sujada suna ba da baiko kamar mu. "A tsakaninku" ya ce.

Inda abin ya fi taɓa ni shi ne Farawa sura 4, labarin da kowane yaron makarantar Lahadi ya haddace amma manya ba su cika son zurfafawa a cikinsa ba. Kayinu manomi ne, Habila makiyayi ne. Kisan farko a Littafi Mai Tsarki tsakanin manomi da makiyayi ya faru, kuma manomin ne ya yi kisan. Mu nan manoma ne, da garma muka gaji iyayenmu, har saurayi sai ya yi golmo a gonar surukai kafin ya samu mata. Ranar da na karanta wannan sura a gaban dattawa na ɗan dakata a kan wannan gaɓa, sai da ɗakin ya yi tsit. Ba ina nufin Littafi ya ɗora wa manoma laifi ba ne. Abin da yake hanawa shi ne mu ɗauka kisa sana'ar wata ƙabila ce. Su biyun ciki ɗaya suka fito, gaban Allah ɗaya suka kai hadaya. Ba a kan ɓarnar gona suka saɓa ba, ba a kan mashaya ba. Kayinu ya ga an karɓi ta ɗan'uwansa ba a karɓi tasa ba, sai fuskarsa ta murtuke. Kafin ya ɗaga hannu, Allah ya yi masa magana, ya gargaɗe shi cewa zunubi yana fako a bakin ƙofa, yana so ya mallake shi, amma dole shi ya rinjaye shi. Wato yana da zaɓi. Ba a tilasta masa ba, ba ƙaddara ce ta ɗaure masa hannu ba.

Bayan kisan abubuwa biyu suka faru waɗanda muke yawan tsallakewa. Allah ya ce jinin Habila yana yi masa kuka daga ƙasa, kuma ƙasar da ta sha jinin ba za ta ƙara ba Kayinu amfaninta ba. Duk wanda ya bi hanyar Ribah ya ga gonakin da ciyawa ta cinye, shekara biyu uku ba wanda ya isa ya kai garma, ba ya bukatar fasto ya fassara masa wannan aya. Na biyun ya fi wuyar haɗiya. Allah ya sa wa Kayinu alama don kada wanda ya gamu da shi ya kashe shi. An hukunta shi, an kore shi daga ƙasar, amma an hana a bi shi da ramuwa. Dalilin yana nan cikin surar, ƙasa kaɗan. Wani daga zuriyarsa, Lamek, ya kira matansa yana taƙama ya kashe saurayi don ya ji masa rauni, ya ce in ana rama wa Kayinu sau 7, to shi sau 77 ne. Ramuwar gayya, mukan ce, ta fi ta gayya zafi. Daga rai ɗaya an kai 77 cikin sura guda.

Duk wanda ya bibiyi yadda wutar Zamfara ta ruru ya san wannan lissafin. Satar shanu, sai 'yan sa-kai su tare Bafulatani a kasuwa su kashe shi a gaban jama'a ba tare da shari'a ba, sai 'yan'uwansa su sauko daga daji su ƙone ƙauye, sai a je a ƙone ruga, sai a dawo da babura ɗari. Kowane ɓangare zai iya gaya maka ranar da aka fara yi masa, da sunan wanda aka kashe. Kuma ba ƙarya yake yi ba. A can kuwa mafi yawan waɗanda ake kashewa Musulmi ne, a gonakinsu da kasuwanninsu, wani lokaci har cikin masallaci. Wannan kaɗai ya isa ya sa Kirista ya yi taka-tsantsan kafin ya ce duk abin yaƙin addini ne a kansa. Lokacin da Bitrus ya tambayi Yesu sau nawa zai gafarta wa ɗan'uwansa, ko sau 7, amsar da ya samu lissafin Lamek ne aka juya: sau 77, wasu fassarorin ma suka ce bakwai sau saba'in.

Bari in faɗi wani abu a kaina. Wata Kirsimeti mun yi watanda, mu goma sha biyu. Wanda muka wakilta ya dawo da saniya ƙosassa a kan kuɗin da ko maraƙi ba zai saya ba a wancan lokacin. Na ga tsagar shaidar mai ita a kunnenta. Na ga yadda take zabura in mutum ya matso, alamar an koro ta daga nesa. Wani ya ce, "Kai, mun yi sa'a," muka yi dariya, aka yanka, aka kasa kashi goma sha biyu a kan buhunan da aka shimfiɗa. Ban tambaya ba, don na san in na tambaya zan ji abin da ba na so. Na kai naman gida, yarana suka ci, washegari na tafi majami'a na yi waƙar salama a duniya. Ban san ko ta wa ce ba har yau. Amma na san ɓarawon shanu ba ya cinye garke shi kaɗai, sai da mai saye. Haka mai garkuwa da mutane ba ya sanin wanda ya sayar da hatsi jiya sai da infoma a cikin gari. Akwai mai kai fetur daji, mai kai burodi, mai kai ƙwaya, mai karɓar kamasho a kan kuɗin fansa. Da ɗan gari akan ci gari. Wannan shi ne kwaɗayin da Yakubu ya faɗa, kuma bai tsaya a bakin daji ba.

Annabawa sun ɗaga maganar daga zuciyar mutum ɗaya zuwa fadar masu iko. A 1 Sarakuna 21 sarki Ahab ya ƙyalla ido a kan gonar inabin Nabot, gadon kakanninsa. Nabot ya ƙi sayarwa. Yezebel matar sarki ta shirya shaidun zur, dattawan gari suka sa hannu, aka jefe shi, sarki ya je ya gaje gona. Ba a zare takobi ko ɗaya ba, da kotu aka yi aikin. Amos ya yi kuka a kan masu sayar da matalauci a kan takalmi. A wurin annabawa irin wannan zalunci shi ne irin da ake shukawa, yaƙi kuma girbinsa. Sai mu dubi namu: burtalin da aka nome, dazukan kiwo da aka yanka wa manya, makiyayin da aka tatsa a ofishin hukuma har ya sayar da rabin garkensa kan ƙaramar ɓarna, manomin da aka cinye masa gona ya kai ƙara aka sallami mai kuɗi. A Zamfara ga zinari. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinari ta kashe yara fiye da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum, kuma a 2019 gwamnatin tarayya ta dakatar da haƙar ma'adinai a jihar saboda alaƙarta da ta'addanci. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wannan ba wanke ɗan bindiga ba ne. Jinin da ya zubar yana wuyansa. Amma annabi Iliya wurin Ahab aka aike shi, ba wurin waɗanda suka ɗauki duwatsun kawai ba.

To, mai wa'azin nan ƙarya ya yi da ya ce hukuncin Allah ne? A Tsohon Alkawari akwai wuraren da annabawa suka kira mamayar Assuriya da ta Babila hukunci a kan Isra'ila, ba mai musun haka. Amma su annabawa ne, an aiko su da saƙon, kuma sarakuna da manya suka fuskanta da shi ido da ido, har Irmiya ya kwana a rijiya saboda haka. Ɗaukar wannan magana a ɗora ta a kan tsohuwar da ta binne jika wani abu ne daban, kuma Yesu da kansa ya rufe wannan ƙofa. A Luka 13 aka kawo masa labarin Galilawan da Bilatus ya kashe suna cikin miƙa hadaya. Ya tambaye su, kuna tsammani sun fi sauran Galilawa zunubi ne? Ya ce a'a. Ya ƙara da mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya sake cewa a'a. Sannan ya juya kan masu tambayar ya ce su su tuba. Kiran tuba na masu rai ne da suka tsaya suna kallo. Abokan Ayuba sun yi irin wa'azin baƙonmu, sura bayan sura, a ƙarshe Allah ya ce ba su faɗi gaskiya game da shi ba.

Wasu kuma sukan ce aikin Shaiɗan ne, a shiga azumi da kwanan addu'a. Ni ma ina zuwa, kuma na gaskata akwai mugun iko a bayan wannan abu. Yesu ya kira Iblis mai kisankai tun farko. Wanda ya ji labarin yadda yaro ɗan shekara goma sha biyar ke yanka mutum yana dariya ya san ba talauci kaɗai ke aiki ba. Amma ayar da aka fi jawowa, Afisawa 6:12, cewa ta yi kokawarmu ba da nama da jini ba ce. A wasu tarukan addu'a ina jin ana karanta ta, minti biyar bayan haka ana kiran wuta a kan wata ƙabila sukutum. Ai an juya ayar ke nan. Bulus cewa yake mutumin da ke gabanka, ko da bindiga a kafaɗarsa, ba shi ne maƙiyi na ƙarshe ba. Shi ma kamamme ne, kuma cikin siffar Allah aka halicce shi. Bulus ya san abin da yake faɗa, don shi ne ya tsare wa masu jifan Istifanas rigunansu.

Masu cewa ƙarshen duniya ne ya zo, amsarsu gajeruwa ce. A Matiyu 24, inda aka ambaci yaƙe-yaƙe da jita-jitarsu, a nan aka ce kada ku firgita, ƙarshen bai yi ba tukuna. Abin da ya fi kama ni a Wahayi sura 6 shi ne jerin dawakan. Bayan jan dokin da ya ɗauke salama daga duniya sai baƙi ya biyo, mahayinsa riƙe da ma'auni, ana shelar mudun alkama a bakin ladan aikin yini guda. Duk matar da ta je awo kasuwar Zuru tun da aka hana noma a daji ta ga wannan doki.

Saura tambayar da ta fi zafi a garinmu. Ƙasar Zuru ƙasar sojoji ce. Da wuya ka sami zuriyar da ba ta da mai kaki, daga kurtu har janar. Ishaya Bamaiyi da ya shugabanci rundunar sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999 ɗan nan ne. Shin Kirista zai ɗauki makami? Ikilisiya ta daɗe da rabuwa biyu a kan wannan, kuma abin sha'awa, a Afirka aka yi manyan muhawarorin farko. A shekara ta 295, a Tebessa da ke Aljeriya ta yau, aka sare kan wani saurayi mai suna Maksimiliyan don ya ƙi shiga sojan Roma, ya ce shi Kirista ne. Masu wannan ra'ayi suna riƙe da maganar Yesu ga Bitrus a Getsamani, cewa ya mai da takobinsa kube. Har yau suna nan. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda ta samo asali a Garkida a 1923, tana kan koyarwar ƙin ɗaukar makami, kuma mafi yawan 'yan matan Chibok da aka sace a 2014 'ya'yanta ne. Ba wanda zai ce musu ba su san zafin abin ba.

Ɗaya ɓangaren na Agustin ne, bishop na Hippo, shi ma a Aljeriya ta yau. A zamaninsa birnin Roma ya faɗi a 410, ya kuma rasu a 430 mayaƙan Bandal suna kewaye da garinsa. Ya yarda hukuma za ta iya yin yaƙi don kare marasa ƙarfi, amma ya ce ainihin sharrin yaƙi shi ne son zubar da jini, da muguntar ramuwa, da ƙishirwar mulkar wasu. Daga baya Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya tsara sharuɗɗa uku: halastacciyar hukuma, dalili na adalci, da niyya mai kyau. Hujjarsu Romawa 13 ce, inda aka ce mai mulki ba a banza yake riƙe da takobi ba. Sun kuma lura cewa da sojoji suka zo wurin Yahaya Maibaftisma bai ce su tuɓe kaki ba. Ya ce kada su yi ƙwace, kada su yi ƙazafi, su gamsu da albashinsu.

Matsalarmu ita ce, me za a yi in mai takobin bai zo ba? In an buga waya tun magariba ba a ga motar sojoji ba sai hantsi? A nan 'yan sa-kai suka shigo, kuma na san da yawansu, Kirista da Musulmi, wasu ma uwa ɗaya uba ɗaya, don a nan gida guda kan haɗa mai zuwa coci da mai zuwa masallaci. A Maris 2022 an yi musu kwanton ɓauna a yankin Sakaba, aka kashe fiye da 60 a lokaci ɗaya. Ra'ayina, kuma na daɗe ina auna shi, mutumin da ya tsaya a bakin ƙauyensu da bindigar maƙera don mata da yara su samu su tsere bai yi zunubi ba. Ba zan iya kallon idonsa in ce ya yi ba. Amma ranar da ya bi wani har kasuwa don kamannin fuskarsa ko harshensa, ranar da ya ƙone rugar da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, ya bar Romawa 13 ya koma gidan Lamek, ko da gicciye a wuyansa. Sura guda kafin wannan, a Romawa 12, an riga an ce ramuwa ta Ubangiji ce.

Akwai wata tsohuwar hikima da na so a ce mun dawo da ita. Basil, bishop na Kaisariya a ƙarni na huɗu, ya ba da shawara cewa sojan da ya kashe mutum a fagen daga ya dakata daga cin Jibin Ubangiji shekara 3. Bai kira shi mai kisankai ba, amma ya ce hannunsa ba tsabtatacce ba ne. Dawuda ma, duk da matsayinsa, an hana shi gina Haikali don ya zubar da jini da yawa. Muna da samari da suka dawo daga Borno, da waɗanda suka dawo daga daji, ba sa barci, wasu sun faɗa shaye-shaye. Mukan tafa musu a taron godiya, amma ba mu da wurin da za su zauna su faɗi abin da suka gani da abin da suka yi, a yi kuka tare da su.

Game da ma'ana kuwa, ba na jin addinin Kirista ya yi alkawarin bayyana wa kowace uwa dalilin mutuwar ɗanta. Abin da ya ce shi ne Allah bai tsaya daga nesa ba. An haifi Yesu a ƙasar da sojojin mamaya suka danne. Yana jariri iyayensa suka gudu da shi Masar cikin dare, aka karkashe yaran Baitalami a bayansu. Sojoji ne suka kashe shi bayan shari'ar zalunci, yana kan gicciye yana roƙa musu gafara. Wasiƙar Ibraniyawa, sura 12, ta ce jininsa yana magana mafi kyau fiye da jinin Habila. Na Habila adalci yake nema, kuma Allah ya ji shi, ba a kuwa share ko ɗigo ɗaya ba. Ishaya ya hango ranar da za a kai takuba maƙera a mai da su garemani. A ƙauyukanmu yanzu akasin haka ake yi, maƙerin da ya gaji ƙera garma daga ubansa bututun bindiga ya fi kawo masa ciniki.

Makonni bayan waccan Lahadi na je gaishe da tsohuwar a gidan da aka sauke ta. Na tarar da ita a tsakar gida tana tsince wake tare da wata maƙwabciyarta ta ƙauye, Musulma, wadda ita ma aka kashe mata ɗa a dare ɗaya. Na zauna a kan turmi na buɗe Habakuk, annabin da ya fara littafinsa da tambayar Allah har yaushe zai yi ta kukan zalunci ba a cece shi ba. Na karanta musu ƙarshensa, inda yake cewa ko da ɓaure bai yi toho ba, gonaki ba su ba da abinci ba, tumaki sun ƙare a garke, ba saniya ko ɗaya a turke, duk da haka zai yi murna da Allah mai cetonsa. Ta dakatar da tsintar, ta ce in sake karanta wurin shanun. Na sake. Ta juya ta dubi maƙwabciyarta ta ce, "Kin ji? Wannan mutumin ɗan garinmu ne."